Motar Doyar Abibata Ta Tsaya a Yendi

A kasuwar Bawku, bayan layin masu albasa, akwai wani kiyos na katako da shuɗin fentinsa ya koɗe. Nan Abibata Sidiku take zama tun safe har la'asar tana buga wa mutane takardu a kwamfuta: takardar neman aiki, katin gayyatar suna, wasiƙar ban haƙuri zuwa makaranta. Shekarunta arba'in da takwas. Ka tambayi kowa a layin ina mai buga takarda, zai ce maka, "Au, matar nan mai wasan yara?" Mace ta shafe shekara ashirin tana gyara musu karyayyen Turancinsu, tana rufa musu asiri a gaban ofisoshi, amma sunan da suka ga ya dace da ita ke nan.

A Salaga aka haife ta, a tsohon gidan Hausawa. Babanta, Malam Sidiku, direban babbar mota ne. Yakan ɗauki doya daga Salaga ya bi ta Bimbilla, ya ratsa Yendi da Gushegu, ya bi dutsen Nakpanduri ya sauka Bawku, ya dawo da albasa. Sau ɗaya tak ya tafi da ita, tana 'yar shekara tara, ta zauna a gaba tsakaninsa da buhun goro. Ba ta manta ko rami ɗaya na hanyar ba. Bayan rasuwarsa aka kai ta Yendi wurin wan babanta, ta yi sakandare, ta koyi buga tafireta, daga baya kwamfuta. Aure ya kawo ta Bawku, gidan Sayibu mai sayar da masara da gero.

'Yar na'urar wasan da ta jawo mata sunan kuwa a aljihun wata rigar sanyi ta gwanjo ta same ta. Ba ta fi tafin hannu ba, da ɗan allo mai kore-kore da 'yan maɓallai, a bayanta akwai ramin da ake zura kaset. Ta kai wa Hussein, ɗan wan babanta, wanda yake koyar da kwamfuta a Yendi. Shi ya samo mata wani kaset na daban, wanda babu wasa a cikinsa sam, sai ɗan tsagi a ka inda ake sa memori irin na waya. Ya ce duk wasan da aka zuba a memorin, na'urar za ta buga shi, har wanda mutum ya ƙera da kansa a ɗakinsa. Ya nuna mata wata manhaja ta kyauta da ake haɗa irin wasannin.

"Har ni?" in ji ta.

"Ke da kike buga shafi talatin ba kuskure? Abin haƙuri yake so, ba digiri ba."

Haƙuri kuwa tana da shi har ya yi mata yawa. Shekarun da dokar hana fita ta riƙa kora mutanen Bawku gida tun rana ba ta faɗi ba, wasu matan suka koma tsegumi ta katanga, ita ta koma kan littafin lissafi mai gida-gida. Kowane abu a wasan sai an zana shi ɗigo-ɗigo, gida takwas a tsaye, takwas a kwance, da launi huɗu kacal. A haka ta zana motar babanta, da rijiyoyin Salaga, da shanun da ke tare hanya, da matan da ke ɗaga ƙwaryar nono a bakin titi. Mai wasa shi ne direba. Ya kauce wa rami, ya yi wa saniya oda, in ya taka birki da ƙarfi doya ta zube. Gangaren Nakpanduri kaɗai ya ci mata shekara biyu, don ta rantse sai motar ta yi nishi a kwanar nan kamar yadda ta ji ta yi tana yarinya. A shekara ta shida motar ta shigo Bawku, ta tsaya a layin masu albasa, daidai gaban wani ɗan kiyos.

Da damina wutar lantarki ta dawo da ƙarfi bayan tsawa, ta ƙone kwamfutar tare da ɗan abin da take karanta memori da shi. Allah Ya sa sati guda kafin nan ta kwafe komai a memorin kaset: wasan da aka gama, da duk kayan aikin da aka ƙera shi da su, zane da sauti da tsarin hanya. Ta samu wata tsohuwar kwamfuta ta ci gaba da buga takardu. Kullum tana cewa gobe za ta sayi abin karanta memori ta ajiye kwafi na biyu. Wannan laifinta ne, ita ma ba ta musa ba. Aikin shekara shida yana zaune a kan abin da bai kai farcen babban yatsa ba.

Wata ranar kasuwa kaset ya ƙi kamawa. Ta cire, ta hura, ta mayar, allo ya nuna layi-layi. Ta leƙa ta ga haƙoran ƙarfen sun yi baƙi. Mutum huɗu na tsaye suna jiran takarda, sai ta ruga rumfar Razak mai gyaran waya, magidanci mai furfura a gemu, wanda yake da ruwan goge ƙarfe da ɗan buroshi.

"Razak, ba ya kamawa. Wanke min shi, ina dawowa."

"Ba wahala, Mma Abiba."

To, a rumfar Razak mutum goma ne a rana suke cewa "wanke min", kuma dukansu abu ɗaya suke nufi: a kwashe duk abin da ke cikin memori a bar shi fayau. Ya juya kaset, ya ga memori a kai, ya zare ya sa a kwamfutarsa. Ya ga tarin abubuwa da ba waƙa ba, ba hoto ba, ba fim ba, kuma ba sa buɗewa. Ya ce lallai cuta ce ta shiga.

Da azahar ta dawo. Ya miƙo mata yana murmushi. Hausar Razak ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinsa.

"Na wanke shi tas. Datti ya cika shi, Mma. Kuma na yi maka gyara, na cika maka shi da wa'azi da waƙa, har ba wuri. Wannan kyauta ne."

Ta dubi haƙoran kaset. Suna nan baƙi yadda ta kawo su.

"Me ka wanke?"

"Memori mana. Ba kai ka ce in wanke ba?"

Ba ta yi ihu ba. Ta nemi bencinsa ta zauna, ta riƙe kaset a cinya. Wani mai jiran a canza masa batir ya ce, "Hajiya, ai kin ci riba. An cire miki wasa an sa miki wa'azi." Rumfar ta ɗauki dariya. Manyan mutane da gemu, waɗanda a ba su shekara shida ba za su iya zana tayar mota ɗaya ba, su ne masu dariya.

A gida ta tarar da Sayibu a tsakar gida yana ɗinke bakin buhu kafin magariba. Ta gaya masa. Ba mugun mutum ba ne Sayibu, sai dai bai taɓa riƙe na'urar ya wuce minti biyu ba.

"Sannu, Maman Suhaila. To ba sai a sayo wani kaset ɗin ba? Yarona Muniru zai shiga kasuwar Sinkase jibi."

"In an ƙone maka rumbu, sai in ce maka a sayo wani buhun?"

Ya ajiye allurar. "Ba haka nake nufi ba."

"Na sani. Gobe zan je Yendi."

Ta kwana biyu a hanya, don motar ta lalace a Gushegu. Tun kafin nan, da suka zo hawan Nakpanduri ta rufe ido, ba don tsoro ba. Ba ta son ganin kwanar.

Hussein ya karɓe ta a ɗakin kwamfutocin makarantarsu bayan an tashi. Ya sa memorin, ya daɗe yana dube-dube, tabarau a kan hanci. Ita tana kallon fankar da ke juyawa a sama.

"Abiba, da wankewa kawai ya yi, da na dawo miki da kusan komai. Wankewa ba ta kashe abu nan take, suna kawai take cirewa. Amma ya zuba wasu abubuwa a kai har ya cika. Sun danne naki."

"Wato gyaran ne ya kashe ni."

"Gyaran ne."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Yaya, ka taɓa ganin inda alheri ya yi wa mutum haka?"

Ya ɗauko wayarsa yana ta jan allo sama, sama, har ya koma shekara uku baya. "Tsaya. Ba kin taɓa turo min ba, lokacin da kike son in gwada miki odar motar?"

Tsohon kwafin wasan yana nan. Ya samo wani memorin ya zuba, ya goge haƙoran kaset da auduga, abin da bai ɗauke shi minti ɗaya ba. Na'urar ta yi ƙararta ta farko. Ga rijiyoyin Salaga, ga motar Malam Sidiku da doya a baya. Yatsunta suka kama hanya da kansu. Ta wuce Bimbilla ba ta zubar da ko ɗaya ba, ta shiga Yendi, ta fita ta hanyar Gushegu. Nan motar ta tsaya da kanta, rubutu ya fito a ƙasan allo, wanda ta sa a lokacin don ba ta zana gaba ba tukuna: DIREBA YA SAUKA SHAN SHAYI. A JIRA.

Ta manta ma ta taɓa rubuta shi.

"Za a iya ɗorawa daga nan?" ta tambaya, ko da yake ta san amsar.

"Wannan dafaffe ne. Ana ci, ba a sake girka shi. In kina son Bawku, sai kin koma Salaga kin faro."

"Idona ba na da ba ne, Yaya. Gidajen littafin nan yanzu haɗewa suke min."

"Na sani."

"Na gaji."

"Na sani, Abiba."

Da za ta tafi ya sa mata abin karanta memori a jaka.

Kwana biyu da dawowarta Razak ya zo kiyos, hula a hannu. An gaya masa abin da ya ɓata. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai neman takardar ban haƙuri.

"Mma Abiba, ka yafe ni. Wallahi ban sani ba. Amma don gaba, in ƙarfen kake so, kar ka ce wanke. Ka ce goge."

"In na ce goge, me kake yi wa hoto a waya?"

"Ina cire shi."

"In na ce share fa?"

"Shi ma haka."

"To ka gani. Wanke, goge, share. Duk kalmar tsabta da uwata ta koya min kun kwashe kun kai wa ɓarna. Da wane baki zan yi muku magana?"

Ya sosa gemu. "Sai dai ka ce hura."

Ta jawo farin salatif, ta yanka, ta manna a bayan kaset, ta rubuta da jan biro: A HURA KAWAI. Ta juya masa ya karanta.

"Na yafe. Je ka, kana tare min haske."

Yanzu tsohon kwafin nan yana wuri uku: a kaset, a kwamfutar kiyos, da wayar 'yarta Suhaila da ke karatun jinya a Tamale. Littattafan lissafin suna cikin kwali a ƙarƙashin tebur, guda goma sha ɗaya. Ta sake sa manhajar a kwamfuta. In kasuwa ta yi sanyi bayan azahar takan buɗe, ta ɗauko littafi na farko, ta matso da shi kusa da fuska, ta nisanta, ta sake matsowa. Wata rana ta cika gida biyar, wata rana ta rufe ba ta taɓa komai ba. Wata huɗu ke nan, abin da ke allon tayar gaba ce da rabin ƙofar direba.

Masu albasa ba su daina ba. Jiya wata Na'imatu, mai rumfar da ke kallon tata, ta leƙo tana ɓare gyaɗa.

"Mai wasan yara, yaya motar taki? Ta iso?"

Abibata ba ta ɗago daga littafin ba. "Direba yana shan shayi," ta ce. Ta lissafa gida uku daga hagu, ta sa ɗigo.