Dabora Mai Awon Rezo

A Tasawa, bayan kasuwa, akwai gidan da kowa ke kira gidan Daktilo. Mai sunan ita ce Dabora, matar Filibus manomi. Ta yi kwaleji, ta shiga buron gwamnati a matsayin daktilo, mai buga takardu da keken rubutu. A yunwar 1984, zamanin soja, a gabanta ake rabon hatsin taimako, kuma abin da ta gani bai bar ta ba: in ba a sa tiya ba, mai babban buhu ke kwashewa, na baya ya koma hannu wofi. Gidanta ma bai tsira ba. Maƙwabciyarta Zuhura ce ta riƙa miƙo musu gero ta kan danga, ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Shekaru suka ja, ta ajiye aiki. Ɗanta Matiyu ya kawo mata solar da akwatin wifi, wanda ake ce wa rutar. Zuhura ta nemi kod, wato lambar shiga, ta ba ta. Ina za ta hana? Daga Zuhura ya kai ga surukanta, daga nan ga Illo mahauci, har ya zama duk unguwa na jingina da katangar gidan Daktilo da wayar salula a hannu.

A 2023 soja suka dawo, aka rufe iyaka, damina kuma ta yi gardama a gonar Filibus. Autarta Esta na aure a Jos da cikin fari. Bisa al'ada gida za ta zo ta haihu, uwa ta yi mata wankan jego. Hanyar daji a kan babur ba ta mai tsohon ciki ba ce, don haka can ta haihu, cikin baƙi. Abin da ya rage wa Dabora shi ne ta gan ta a bidiyo safe da yamma, ta duba cibiyar jaririn, ta ga ko ana kula da ɗiyarta yadda ya kamata. Amma da an kira sai hoton ya daskare. Ta ga rabin goshin Esta, murya ta yanke.

Matiyu ya ce ta waya, "Mama, ki canza kod ɗin, ki huta."

"In canza, in ce ma Zuhura mi? Geronta ne ya tashe ka."

Sai ta sa tabarau, ta buɗe tsohuwar kwamfutarta, ta buga lambobin da ke rubuce a gindin akwatin. Faransancin da ke ciki bai fi na takardun buro wuya ba. Kwanaki ta yi tana lalube, har sau ɗaya ta kulle kanta waje, sai da ta maido da akwatin yadda ya fito daga kanti. Daga ƙarshe ta yi masa ƙofa biyu. Ta maƙwabta ta bar mata tsohon kod, amma ta auna abin da kowace salula za ta ja: ya ishi saƙo da murya, bai ishi kallo ba. A wurin da suke kira pare-feu, katangar da ke tace abin da ke shiga da fita, ta toshe musu shafukan bidiyo a lokacin wankan Esta. Ƙofa ta biyu ta mutanen gida ce.

Da yamma aka kira, hoton ya sake tsayawa. Ta koma ta duba. Wata salula ce a ƙofar mutanen gida, ita kaɗai tana shan fiye da rabin rezo, wato ƙarfin wifi ɗin. Ta danna ta datse ta.

Daga ƙarƙashin rumfa Filibus ya ɗago kai. "Maman Matiyu, abin nan ya mutu. Ga shi an kama ƙafa, saura kaye."

"Ashe kai ne mai babban buhun."

"Kokawa ce fa. Ni da gidana?"

"Gidanka ne, Malam. Ɗiyar ma taka ce. Waɗannan ƙattin sun faɗi tun bara, ko gobe ka kalla za su sake faɗuwa."

Ya yi gunaguni, ya jawo kujera ya zauna kusa da ita.

Hoton ya fito tar. Ga Esta a kan tabarma, ga tukunya na tururi, ga wata dattijuwa maƙwabciya da ganye a hannu. Dabora ta sa aka matso da jaririn. Cibiyar ta bushe lafiya. Sai ta tsura wa ɗiyarta ido, ta ga abin da murya ta ɓoye mata: ƙafafun sun kumbura, fuskar ma haka.

"Tun yaushe kanki ke ciwo?"

Esta ta sunkuyar da kai. "Ya kwana biyu, Mama."

"A sauke tukunyar nan. Kira mini mijinki, yanzu za ku tafi likita."

Jininta ne ya hau. An riƙe ta a asibiti, ta fito da ƙafarta.

Maƙwabta sun lura bidiyo ya daina tafiya, aka yi ta zagin kamfani. Dabora ba ta bari aka ɗora wa wani laifin ba. Ta fita ƙofar gida ta ce ita ta auna, ta faɗi dalili. Illo ya ɓata rai. Zuhura ta ce, "To, nuna mini jikan nawa," ta shigo ta zauna.

Da Esta ta yi arba'in, Dabora ta buɗe bidiyo, ta ɗan ƙara wa kowa yadda zai ishi kallo, amma awon ta bar shi. Filibus na kallon kokawarsa da tsakar rana, ta ƙofar maƙwabta, da tiya ɗaya da ta Illo.