Hannun da Ɓeraye Ba Sa Tsoro

Kowace safiya, kafin masu digiri su gama kurɓar shayi, Elspeth Garioch tana ɗakin ƙasa na cibiyar bincikenmu, inda babu taga, tana ɗaukar fararen ɓeraye ɗaya bayan ɗaya. Takan ɗora ɓera a damtsenta, ta sosa masa ƙeya, ta yi masa ƙorafin ruwan saman garinmu Aberdeen, ta mayar da shi keji. Baƙo zai ce tausayi ne. Aiki ne.

Mu da ke bene endofin muke bincike, maganin kashe zafin da jiki ke haɗa wa kansa a ƙwaƙwalwa da wani ɗan ƙululu da ke gindinta: yaushe jariri ke fara yin sa, yaya jiki ke yayyanka shi kafin ya yi amfani. Matsalar ita ce, dabba na firgita sai ƙululun ya juye abin cikin jini, awo ya lalace. Dole ɓera ya mutu hankali kwance. Shi ya sa ake neman wanda zai saba da su tun suna jajaye, ranar yanka kuma shi zai miƙa wuyansu. Sama da shekara talatin Elspeth ce. Sunanta kan fito a ƙarshen takardunmu, kusa da na kamfanin da ya ba mu firji.

Ran Juma'ar da ta yi ritaya, akwai rukunin ɓeraye na ƙarshe da za a yanka. Sanyin ƙashi ya kanannaɗe mata yatsu, ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa. Dakta Fergus Mair, wanda ba a san shi da kirki ba, ya sauko da kansa.

"Uwar ɓeraye, yau dai ki huta," in ji shi. "Ga kek can a sama, har sun rubuta sunanki daidai. Ni zan yi."

"Kai? Da wannan turaren naka? Tun kana matakala suka fara ɓuya."

"In awon ya lalace, ai nawa ne, Elspeth."

"Wa yake ta awonka, Dakta? Ni na ce wa ɓerayen nan ba komai. Riƙe wuƙar, ni zan riƙe su."

Haka aka yi. Fergus ya ce ko ɗaya bai yi tsuwa ba, na ƙarshen ma lasar yatsanta yake yi. Shi ya fita ya yi amai. Ita ta wanke tebur, ta hau sama a gaisa.

Ke ce, Elspeth, kika ɗauki nauyin abin da muke rubutawa a layi guda, wai "an tanadi samfur". Ke ce kika yarda ki ci amana, don kada tsoro ya riga mutuwa isowa. Mun gode, ko da yake godiyarmu ta makara kamar yadda ta saba.

Masu tasowa, ba a ce ku so aikin ba. Amma in dole sai an kashe, ku zama masu sanin abin da za ku kashe, ku tsaya a kansa da kanku kamar ita. Ran Litinin za a kawo sababbin jariran ɓeraye, kuma har yanzu ba wanda ya ce shi zai sauka ɗakin ƙasa.