Na Riga Likita Sanin Sakamako

Har yau ban yafe wa wasan besbol ba, kuma ba ni da niyya. Wasan Amurkawa ne: wani ya jefa ƙwallo, wani ya kai mata duka da kulki, galibi ya kuskure, sauran suna tsaye a fili suna tauna suna tofar da yawu kamar raƙuma. Awa uku ana abu ɗaya. A London babu mai kallonsa sai wanda Allah ya jarraba, ni kuwa da Likita aka jarrabe ni.

Likita yayan yarinyar da nake so ne. A Amurka ya yi karatu, ya taho da takardar likitanci da wannan cuta, ya sami aiki a Camberwell. Mahaifinsu ya rasu, don haka aurenta a hannunsa yake. Ni a lokacin ɗalibi ne, ina zaune a gidan kawuna a Thamesmead, rabin akwatina tufafi, rabi littattafan soyayya da na taho da su daga Kano. A cikinsu na koyi cewa babbar magana tana da ranarta. Saurayin kirki ba ya tura manya sai ranar da zuciyar mai ba da aure ta yi fari ƙal.

Da a gida ne, da a zaure za mu yi zance. A Camberwell babu zaure, sai matakala mai sanyi. Saboda haka duk Asabar bayan azahar sai in hau bas biyu in je in zauna a falon Likita, ita ta ajiye mana shayi ta koma kicin, ni in zuba wa besbol ido. Wani abokinsa ne a Amurka yake ɗaukar masa wasan kowace Lahadi a kaset, ya rubuta kwanan wata a jiki, ya aiko ta gidan waya. Sai bayan mako biyu yake isowa. Dokar gidan ɗaya ce: kada wanda ya kuskura ya faɗi sakamako kafin a kalla.

A farkon bazara ƙungiyarsa tana ta cin wasa, Likita har rawa yake takawa a kan kafet. Ni kuwa na ɓata waɗannan makonni ina rubuta wasiƙu masu shafi shida, ina kwatanta idanunta da farin wata.

"Ka turo Kawu kawai," ta ce mini wata rana a matakala. "Yaya ba dodo ba ne."

"Ki bari ranar ta zo," na ce.

"Wace rana kuma? Yau ba rana ba ce?"

Ana shiga watan Yuni sai ƙungiyar ta ruguje. Gwanin jifansu ya ji ciwo a kafaɗa, masu kulkin suka koma dukan iska. Likita ya daina rawa. Ya samo takarda yana lissafin wasa nawa za su ci kafin su kamo na gabansu su shiga wasannin ƙarshe na kaka. Kowace Asabar damar tana ƙara ƙanƙancewa, fuskarsa tana ƙara murtukewa.

"Malam mai littafi," yakan ce mini, "ka ga wancan mai gashin bakin? Ko akuya aka ba kulki ta fi shi. Kai ma da ba ka san komai ba ka fi shi."

In yi dariyar dole. A raina ina tsine wa mai gashin bakin, da kocinsu, da wanda ya ƙirƙiro wasan. Ƙarti ne da ban taɓa gani ba, a can bayan teku, amma sun riƙe mini aure.

Wata Juma'a, da na fito daga masallacin Regent's Park, na tsaya a shagon jarida kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Can ƙasa na hango jaridar Amurka, a bayanta ga sakamakon besbol da ƙananan haruffa. Daga ranar na riga Likita sanin komai. Ina karantawa a tsaye, Asabar in je in dafe kai ina salati tare da shi a kan kayen da na daɗe da sani. A lokacin ban ɗauke shi ƙarya ba. Dabarar masoya na kira shi.

A mako na huɗu na ga abin da nake jira. Wasan wata Lahadi: an sha gabansu har zagayen ƙarshe, sai wani dogo a cikinsu ya doki ƙwallo ta faɗa cikin 'yan kallo, suka ci. Na ƙirga ranar da kaset ɗin zai iso, na ce wa Kawu ya shirya wannan Asabar bayan la'asar. Kawu ya sa aka goge babbar rigarsa, ya nemo goro da alewa a Peckham.

Ranar ta zo, kwanan watan jikin kaset ya yi daidai. Ƙungiyar ta shiga shirmenta kamar kullum, ni ina ta duban agogo. Da aka kai zagayen ƙarshe, aka fitar da mutum biyu a jere, saura ɗaya a cinye su, sai Likita ya miƙe.

"Na gaji da waɗannan 'yan iska," ya ce, ya nufi bidiyon zai kashe.

Saura minti kaɗan Kawu ya buga ƙofa. In ya kashe, da wannan fuskar zai tarbe shi.

"Likita, don Allah kada ka kashe! Dogon nan zai buga ta waje, za su ci!"

Ya tsaya da yatsa a kan maɓalli. Bai kashe ba. Dogon ya shigo, ya doki ƙwallon, ta tashi ta faɗa cikin jama'a, filin ya kaure da ihu. Likita ko kallon talabijin ɗin bai yi ba, ni yake kallo.

"A ina ka gani?"

"A jarida."

"Tun yaushe kake gani?"

"Wata guda."

"Wato makon jiya, da ka dafe kai kana innalillahi, ka sani."



"Wata biyu ina jiran wasa irin wannan," ya ce a hankali. "Ka cinye mini shi. Wannan da sauƙi. Amma mutumin da zai zauna a falona yana yi mini kukan ƙarya, me zai yi wa mace a ɗaki?"

Nan ƙararrawa ta kaɗa. Likita ya tarbi Kawu har da rusunawa, ya zaunar da shi a babbar kujera, ya saurari jawabinsa har ƙarshe. Sannan ya ce, "Kawu, mun gode da wannan karamci. Sai dai yarinya ba tawa ni kaɗai ba ce. Zan shawarci gida." Goron kuwa bai taɓa shi ba. Duk Bahaushe ya san abin da ake nufi.

A matakala yarinyar ta biyo ni, idanunta jajur.

"Ba don wasan yake ajiye ka a falo ba, kai kaɗai ne ba ka gane ba," ta ce. "Cewa ya yi yana son ya ga irin zamanka. Ga shi ya gani."

Ta koma ciki ta rufe ƙofa. Shawarar gida ba ta taɓa isowa ba. Kafin sanyi ya shiga aka daina amsa mini waya.

A bas ɗin komawa Thamesmead, Kawu ya ɗora ƙunshin goron a cinya har muka wuce Woolwich. Sai ya ɓare ɗaya ya jefa a baki.

"Yanzu fisabilillahi," ya ce, "su waye suka ci?"

"Su Likita."

"To, madalla. Gara da wani ya samu."