Matakalar Eru Tipene a Kan Ƙanƙara

Kafin baƙi su motsa a cikin barguna, Eruera Tipene ya riga ya fita ƙofar bukka. Yakan cire safar hannu ya damƙi dusar ƙanƙara, ya murza ta, ya ɗaga kai ya dubi gajimaren da ke tasowa daga teku. Sai ya dawo ya ɗora ruwan shayi da kunun hatsi, ya bi takalman baƙi ɗaya bayan ɗaya yana zura hannu don ya ji wanda bai bushe ba. Wanda ya ga yana ɗingishi jiya, yau sai ya zaunar da shi ya duba masa diddige, ko da alƙali ne a garinsu. Shekara talatin da huɗu yana haka, yana kai mutane Dutsen Harkness a nan yammacin Tsibirin Kudu na New Zealand: kwana uku a ƙafa cikin daji da tsallaken koguna, kwana ɗaya a kan kogin ƙanƙara, sannan hawan kansa. Ƙarshen watan Afrilun nan ya rataye igiyarsa, don gwiwoyi sun gaji.

Babu jaridar da ta taɓa buga sunansa. Hotunan da ke bangon ofishin kamfani duk na baƙi ne, sun ɗaga hannu suna dariya, shi kuma shi ne ya ɗauka. Ni kafinta ne mai gyaran bukkokin kwarin, nakan kuma ɗaukar musu kaya idan aiki ya yi sauƙi. Ban yi nisa a makaranta ba, amma abu in ya tsaya mini a rai nakan yi shekaru ina juya shi. Akwai tafiya ɗaya da na yi da Eru da har yanzu ban gama juyawa ba, ita nake so in ba ku.

Shekara tara ke nan, wani mai kiwon tumaki, Lachie Petrie, ya zo a kai shi. Shekararsa saba'in, kuma tun yana yaro yake ganin dutsen nan daga ƙofar gidansu. A rana ta biyu mun zauna bakin kogi, sai ya ɗaga tulun shayi ya tsiyaya a gefen kofi, kan duwatsu. Eru ya bari har ya gama.

"Lachie, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Duwatsu ka ba shayi. Jiya ma na ji ka gai da kututture."

"Kututturen ya fi ka fara'a, yaro."

Muka yi dariya, amma shi Lachie bai yi ba. Can ya ce likita ya gaya masa tsakiyar ganinsa ta riga ta tafi, gefe-gefe kawai ya rage, kuma kafin sanyi ya shigo shi ma zai bi. "Ban rubuta a takardarku ba," in ji shi, "don na san za ku ce in zauna gida in yi ta sauraron rediyo. In ban hau bana ba, shi ke nan."

Ni na ce mu juya. Igiya ɗaya ce za ta ɗaure mu uku, in ƙafar mutum guda ta zame a gangare, ba shi kaɗai zai tafi ba. Eru ya juya wajen Lachie. Ya tashe shi ya ce, "Tsoho, yi mini tafiya a kan yashin nan, irin wadda kake yi in ka gaji, ba ta burge 'yan mata ba." Lachie ya yi, yana zagi ƙasa-ƙasa. Eru ya durƙusa ya auna tsakanin sawu da sawu da ƙotar gatarinsa na ƙanƙara, ya ɗaura zare a daidai wurin. Ya kira mai kamfani ta oba-oba ya faɗa mata komai, bai rage ba. Sannan ya ce wa Lachie, "Sharaɗi ɗaya. Duk inda na ce a juya, a juya, ko da taku goma ya rage."

Akwai wani aiki da masu jagoranmu suke yi wanda baƙi ba su cika sani ba. Da rana dusar ƙanƙara tana laushi, da dare ta daskare ta zama kamar dutse. Saboda haka ana gobe za a hau, mai jagora yakan fita cikin zafin rana ya yi ta buga ƙafa a gangare yana barin gurabe, sanyi ya ƙarfafa su, da safe su zama matakala. Yawanci rabin hanya ake yi, a yi ta sama-sama. Ranar da muka huta a bukkar ƙarshe, Eru ya bar Lachie yana barci, ya ce in riƙe masa igiya. Tun hantsi har rana ta kusa faɗuwa yana bugawa, kowane gurbi sau uku, kowane ya auna da zaren nan, tun daga gindin gangare har can sama. Dusar tana kai masa cinya. Da muka dawo bai iya cire takalminsa da kansa ba. Lachie ya farka ya ce, "Ina kuka shige?" Eru ya ce, "Shan iska."

Kai ne, Eru, ka gina wa makaho matakala daidai da takunsa a kan dutsen da ko masu ido suke tsoro, kana sane rana biyu za ta yi ta narke. Kai ne ka yi gaba da safe kana ƙirga masa, hagu, dama, hagu, da muryar da kake kiran karnuka, don kada ya ji ana tausaya masa.

Da gari ya waye muna tsakiyar gangare. Ƙafar Lachie tana ɗagawa tana faɗawa cikin gurbi kamar ta san wurin. Sau ɗaya kawai ya zame, igiya ta riƙe shi. Wajen ƙarfe goma ya ɗaga ƙafa ya laluba, bai sami gurbi ba. Ya sake lalubawa. Sai fuskarsa ta washe.

"Matakala ta ƙare. Mun iso, ko?"

Ba mu iso ba. Taku shida ya rage, tudu mai sauƙi wanda yaro ma zai hau. Eru Bamawore ne, wato ɗan ƙabilar asalin ƙasar, a wurin mutanensa dutsen nan kakansu ne, kuma ba a taka kan kaka. Duk shekarunsa na aiki bai taɓa sa ƙafa a ƙololuwar ba, shi ya sa matakalarsa ta tsaya a nan. Na dube shi na gyaɗa masa kai, wato ya ce e. Mutum ya gaji, yana murna, ba ya gani. Wa zai cutu?

Eru ya ce, "Saura taku shida, Lachie. Ni nan nake tsayawa, can kan kakana ne. Kai ban hana ka ba. Miƙe sosai, ina riƙe da igiya."

Lachie yana haki ya ce, "Da ka ce mini e, da na koma gida da farin cikina."

"Da ka yi ta gaya wa jikokinka abin da ba haka ba, kuma ni na sa maka a baki."

Lachie ya daɗe a tsaye, iska tana kaɗa masa gemu. Ya ɗaga ƙafa ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu. Sai ya tsaya, ya juyo a hankali, ya dawo ya laluba kafaɗar Eru.

"Shekara saba'in muna maƙwabtaka da kakan nan naka, ko sau ɗaya ba mu yi faɗa ba. Juya ni wajen gonata."

Eru ya kama kafaɗunsa ya juya shi, ya faɗa masa inda kogi ya lanƙwasa da inda jan rufin rumfar aske tumaki yake. Lachie ya ce yana ganin wani haske-haske a gefe, ya ishe shi.

Na daɗe ina tambayar kaina wanne ne tausayi a ranar, nawa ko na Eru. Nawa ba ya cin komai, kalma ɗaya ce. Amma na lura da wani abu daga baya: da ya ce e, da mu biyu ne muka yanke wa mutumin nan hukunci don ba ya gani, abin da ya hau dutsen don ya guje masa ke nan. Eru ya bar masa zaɓinsa a hannunsa. Har yanzu ban tabbata ni zan iya ba.

Ranar da aka yi wa Eru walimar ajiye aiki a zauren gari, 'yar Lachie ta riƙo hannunsa ta kawo shi. Yanzu ba ya ganin komai. Wani ya ce masa, "Kai ne wanda ya hau Harkness da rabin ido?" Ya ce, "Saura taku huɗu. Ku tambayi wancan, ba ya iya ƙarya ko don a ji daɗi."

Mun gode, Eru, mai ƙafar da ta gaji don ta wasu ta huta. Mun gode da kowane mutum da ka kai ka kuma dawo da shi gida. Ku matasan da kuka karɓi igiya a hannunsa, za ku koyi ɗaurin ƙulli a wata guda, karatun gajimare a shekara biyar. Amma wata rana wani zai tsaya a bayanku, a gajiye, ya dogara da bakinku kaɗai, ya tambaye ku ko an iso. Ku faɗa masa nawa ya rage.