Na tayar da tsohon kansilanmu daga kujera

"Je ka tayar da tsohon can, Honorabul ya iso."

Abin da kawuna ya raɗa min ke nan jiya, a wajen ɗaurin auren ɗansa a Digil. Kujerun gaba sun cika, ga kansila mai ci ya sauko daga mota da jama'arsa.

Sai da na matsa kusa na gane tsohon. Baba Hammadu ne, wanda ya yi mana kansila tun ina firamare. Shi ya haƙa burtsatsen unguwarmu, ruwan da aka dafa abincin bikin ma can aka ɗebo shi. Ya sauka bai gina ko ɗaki ba. Yanzu gyaɗarsa yake kaiwa kasuwar Mubi a keke napep, a matse kamar kowa.

Na durƙusa na ce, "Baba, ka yi haƙuri, wai ana son kujerar."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe. "Ba komai, ɗana. Da na cinye kuɗin burtsatsen nan, da yau kai za ka kawo min kujera da gudu."

Ba da fushi ya faɗa ba. Ya lallaɓa ya koma tabarmar baya, cikin rana. Ni kuwa na goge kujerar da hannun rigata, Honorabul ya zauna.

Kullum muna zagin 'yan siyasa da sata. To duk mai sha'awar takara da ke wurin ya ga inda mai gaskiya yake ƙarewa, kuma da hannuna aka nuna masa.

Ku faɗa min, wa zai sake yarda ya zama Baba Hammadu?