Ɗakin da Na Gudu Na Bari

A lokacin ina da shekara goma sha takwas, ina ajin ƙarshe na sakandare, ɗan riƙo a wani gida a unguwar Harra ta Gabas, can ƙasa mai tsarki. Iyayena sun rasu ina ƙarami, maƙwabciyarmu, Bahaushiyar Chadi, ta haɗa ni da 'ya'yanta mata uku ta rene mu. Inna nake kiranta, mijinta kuma Baba. Wata Juma'a bayan abinci Baba ya zaunar da ni, ya ce na girma, kuma tunda Inna ba ta shayar da ni ba, 'yan matan ba muharramaina ba ne, dole a sake mini wurin zama. Ban tsaya ya ƙarasa ba. A zuciyata an gaji da ni ne kawai. Na cusa kayana a jaka na fice, Inna tana kira ban waiwaya ba.

Wata biyu na yi ina fakewa a wani garejin mota a unguwar Aƙiƙ, na kashe waya, na daina zuwa makaranta. Malamin lissafinmu ne ya bi abokaina ɗaya bayan ɗaya har ya gano ni. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce tun kafin Baba ya yi mini magana, dattawan masallacinmu sun gyara mini ɗaki a saman gidan ladan, taku kaɗan daga ƙofarmu. Wani Basudane mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya yarda ya koya mini sana'a bayan la'asar. Makaranta ma ba ta goge sunana ba, malamin ne ya tsaya mini. Sannan ya faɗa mini hawan jinin Inna ya kwantar da ita tun tafiyata.

Da na koma gida na durƙusa gabanta kunya ta hana ni ɗaga kai. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ya waladi, ɗana, ɗaki muka sake maka, ba uwa ba."

Na ci jarrabawata a shekarar, yau ina da shagona da iyalina. Ina alfahari da unguwar da ta haɗa hannu a kaina, ko da yake jinyar da na jawo wa Inna har yanzu tana cina. Masu riƙo, ku fara wannan magana da wuri, a hankali, kada ta faɗo wa yaro rana ɗaya. Malamai kuma, in kujerar ɗalibi ta zauna babu kowa, ku bi sawu. Shekaru ne suka ce ɗan riƙo ya girma. Shi kuwa har yanzu yana son a tambaye shi ko ya ci abinci.