Tsohon Soja a Bakin Pampo

A bakin pampon kasuwar Guci akwai wani dogon tsoho mai koɗaɗɗiyar hular soja, hannunsa na hagu babu yatsu biyu. Ba wanda ya naɗa shi, amma shi ke tsara layi: Bafullatana, Buzu, matar wani alhaji, kowa bayan wanda ya riga shi.

"Hajiya, koma baya," yake ce mata. "A fagen daga gora ɗaya muka sha, ba mu tambayi ƙabilar kowa ba."

Ni dai ban yarda da shi ba. Haka kawai? Akwai muƙamin da yake hari. Tun hantsi nake fakonsa, in ga ɗan'uwan da zai tsallakar.

Ga shi har azahar ta yi. Jarkarsa tana ƙarshen layi, ko ɗigo babu.